Jethro Pudsey da Duniyoyinsa Goma Sha Biyu

A layinmu na bakin kogin Thames, a birnin Landan, an yi wani ɗan fito ana ce masa Jethro Pudsey. Gajere ne mai tumbi, ga murya kamar ana buga gwangwani. Sana'arsa ita ce ya ɗauki mutum a kwalekwale daga wannan gaɓa ya sauke shi a waccan. Amma in ka shiga kwalekwalen nan, kafin ku kai tsakiyar ruwa ka ji yadda ya zagaye duniya sau uku, ya yi kokawa da kifin da ya fi coci girma, ya kuma ƙi auren 'yar wani sarki don ba ta iya dafa wake ba. Mu da muka san shi tun yana yawo ba wando, mun san iyakarsa gadar gari.

Ni sunana Tabitha. Mijina Abner Quillet maƙerin duniyar aljihu ne. Ƙwallo ne kamar lemo, a manna masa taswirar duniya kaf, a saka shi cikin ɗan gida na fatar kifi mai buɗewa biyu, cikin gidan kuma an zana taurari. Masu hali kan saya su zura a aljihu, in hira ta yi daɗi su zaro su nuna wa mata inda ake yaƙi. Abner ke yin ƙwallon da zanen, ni nake shafa launi. Shekara talatin muna wannan aiki, bango ɗaya ne tsakaninmu da Jethro da matarsa Keziah mai wanki.

Wata Litinin da hantsi wani kyaftin ɗin jirgin ruwa mai suna Orlebar ya shigo shagonmu. Dogo ne, fuskarsa kamar bai taɓa jin labarin dariya ba. Yana son duniya goma sha biyu, zai kai tsaraba ga fataken gabas. Ni har na fara lissafin sabon bargo a zuciyata. Ashe Jethro ne ya ƙetaro da shi a kwalekwale, ya kuma biyo shi har cikin shago ba wanda ya kira shi.

Kafin Abner ya buɗe baki, Jethro ya suri ƙwallo ɗaya daga kan tebur.

"Wannan ce duniyar?" in ji shi. "Haba, dattijo Abner! Duniyar da na yi shekara tara ina zagayawa ita ce ka matse haka kamar ƙwan agwagwa?"

"Ajiye, Jethro, bai bushe ba," in ji Abner. Mijina mutum ne mai sanyi kamar randa.

Jethro ya juya ƙwallon, ya kanne ido ɗaya. "Ina tsibirina?"

"Wane tsibiri?"

"Tsibirin Pudsey mana! Wanda na gano da ƙafata. Kudu da ƙasar Sin, in ka wuce sai ka karya hagu."

Kyaftin ya dube shi daga sama har ƙasa. "Shekara ashirin ina bin wannan teku, ban taɓa ganinsa ba."

"Ai da yake, yallaɓai, ku dama kuke karyawa."

Na ce, "Jethro, kai da ko sunanka sai an riƙe maka hannu kake rubutawa?"

"Misis Quillet, da hannu ake rubutu, da kai ake sanin duniya. Wannan aikin naku me ke cikinsa? Takarda ce da ƙullu. In na ga dama, cikin mako biyu zan ƙera goma sha biyu da za su sa naku su ɓuya a ƙarƙashin gado."

Sai na ga gefen bakin kyaftin ya ɗan motsa. Ya ce, "To, shi ke nan. Asabar ta sama, da azahar, a gidan gahawan nan mai suna Anga. Mista Quillet ya kawo goma sha biyu, Mista Pudsey ya kawo goma sha biyu. Wadda ta fi burge ni ita zan saya."

Ba gwanintar Jethro ta tsorata ni ba. Na dai san masu kuɗi, wani lokaci shirme suke saya don su sami abin dariya a cikin jirgi, mai aikin kirki ya koma gida da kayansa.

Kafin la'asar Jethro ya sayar da kwalekwalensa har da filafilai. Ya dawo gida da farantin jan ƙarfe a hammata, da buhun fulawa a ka, da tsofaffin jaridu a gaban riga. Muna jin komai ta bango.

"Ina kwalekwalen?" in ji Keziah. Doguwa ce, damtsenta ya fi cinyar mijinta.

"Mace, daga yau ki daina ce mini ɗan fito. Maƙerin duniya kike aure."

"Na ce ina kwalekwalen?"

"Me za a yi da kwalekwale, ga teku bakwai zan riƙe a tafin hannu?"

"To, teku bakwai ɗin za ka ci da dare."

Muka ji wani abu ya daki bango. Abner ya ce tukunya ce. Ni na ce Jethro ne.

Aikin farko shi ne ƙwallon kansa. Mu mukan jiƙa takarda mu lulluɓa a kan mazubin katako, ta bushe, mu raba biyu mu haɗe, sannan mu shafe da farar ƙasa, a yi ta gogewa har ya yi sumul. Jethro ya ce wannan wahalar ragwaye ce. Ya kwaɓa jaridu da fulawa a cikin bahon wankin Keziah, bai duba ba ashe rigunan wani lauya na jiƙe a ƙasa. Ranar Lahadi lauyan ya je coci da farashin gawayi a rubuce a ƙeyar rigarsa, mutanen sahun baya suna karantawa har aka tashi.

Da Jethro ya gama mulmulawa, ya jera ƙwallayen a bakin ƙofa don unguwa ta gani. Ɗaya kamar dankali, ɗaya kamar gwanda, ɗaya kuwa sak kan mai gidan burodin layinmu, har da ƙullutun. Mutane suka taru.

Wani mai gyaran takalmi ya ce, "Mista Pudsey, ba an ce duniya a zagaye take ba?"

"Wa ya ce? Wanda bai taɓa taka ta ba. Ni da na bi ta da ƙafa na san akwai gangara."

Ya ɗauki ɗaya ya gangara ta don a shaida. Ta tafi taku uku, ta karya kwana da kanta, ta faɗa kwata.

"Kun gani?" in ji Jethro. "Har hanyar teku ta sani."

Kwana biyu ba su bushe ba, sai ya lallaɓa ya zura su a tandun mai burodi ba tare da ya faɗa ba. Suka yi ja, suka yi kyau. Matar mai burodin ta kwashe su tare da na sayarwa. Da yamma sai ga wani tsohon soja ya zo da haƙorinsa a hannu ɗaya, duniyar Jethro a ɗaya hannun, yana tambayar wa ya gasa wannan. Aka nuna masa gidan. Jethro ya wuni a cikin kwandon wanki, Keziah na zaune a kan murfin tana cewa ba ya nan, tana kuma ƙara danna murfin.

Muka ɗauka abin ya ƙare ke nan. Sai ranar Juma'a aka ga Jethro ya fito da ƙwallaye goma sha biyu a faranti, farare tas da farar ƙasa, a zagaye sumul, ba ƙullutu ko ɗaya. Abner ya sa tabarau, ya cire, ya sake sawa.

"Jethro, da me ka yi cikinsu?"

"Sirrin sana'a ne, dattijo. A ƙasar Sin na koyo, wurin wani tsoho mai gemu har gwiwa."

Abner ya kasa cin abincin rana. Ni kuwa na zaga baya inda Keziah ke shanya, na ce, "Maƙwabciya, don Allah me ke cikin ƙwallayen nan?"

Ta waiga hagu da dama. "Cuku ne."

"Cuku?"

"Cukun nan na mutanen Holan, mai kamar ƙwallo. Ya samo waɗanda suka kwana biyu a rumbu, aka ba shi da araha. Ya shafe su da farar ƙasa. Kada ki faɗa wa kowa, Tabitha. Kwalekwale dai ya riga ya tafi, bari in ga ƙarshen wasan ko na huce."

Na faɗa wa Abner kaɗai. Ya ci abincinsa har ya nemi ƙari.

Saura zane. Duk wanda ya taɓa zane a kan jan ƙarfe ya san a juye ake yi, kamar abin da madubi ke nunawa, don in an danna takarda ta fito daidai. Abner, da yake ba shi da mugunta, ya leƙa ta taga ya ce, "Jethro, ka juya rubutun fa."

"Ji hassada," in ji Jethro. "So kake in yi duniya a karkace kamar taka?"

Ya yi kwana huɗu yana kartar farantin da tsinken ƙarfe. Ya soki babban yatsansa sau shida, ya soki tebur, ya soki kujerar da yake zaune a kai ba tare da ya tashi ba. Da ƙasarmu Ingila ya fara, kuma don kishin ƙasa ya yi ta ƙatuwa har ta cinye rabin faranti. Faransa ya ba ta wuri kamar ƙwayar gero, ya ce ko hakan ma ya yi musu alfarma. Tsibirin Pudsey kuwa ya fi Afirka faɗi, har da hoton mai shi a tsakiya yana riƙe da tuta.

Ya kai wa mai maɗaba'a. Aka shafa tawada, aka danna, aka ɗaga takarda. Gabas ta koma yamma, yamma ta koma gabas. Rubutu duk ya juya baya kamar yana gudu. Mai maɗaba'a ya yi dariya har ya zauna a kan kwanon tawada.

Jethro ya dubi takardar, gumi ya tsattsafo masa, amma bakin bai mutu ba.

"Daidai! Haka nake so. Ku da kuke zaune wuri ɗaya gaban duniya kawai kuka sani. Ni da na zagaya ta bayanta, haka take daga can."

Taswirar duniyar aljihu akan yanka ta sala goma sha biyu, kamar ɓarin lemo, a manna su ɗaya bayan ɗaya har bakinsu ya haɗu. Jethro ya yanka da almakashin Keziah ya hau mannawa. Da yake bai auna cukun ba, kafin ya kai sala ta goma sha ɗaya wuri ya ƙare. Ya tsaya da ƙasar Sin a hannu, ba inda zai sa ta.

"Keziah, ƙasar Sin ta yi saura."

"Ka ba su haƙuri."

Ya manna ta a ƙasan ƙwallon, wajen ƙanƙara. A ƙwallo na biyu Indiya ce ta yi saura, ya ɗora ta a kan Rasha. A na uku ya rasa Amirka gaba ɗaya. Aka yi ta nema har yamma, sai da ya juya zai fita Keziah ta gan ta manne a bayan wandonsa.

Maimakon man sheƙi da muke shafawa a ƙarshe, ya dama ragowar kwaltar kwalekwale da man kifi. Sai gidan ƙwallon. Ya ji ana cewa fatar kifi, bai san busasshiya ce jemammiya da ake kawowa daga nesa ba. Ya tafi kasuwar kifi ya kwaso ɗanyar fata cike da bokiti, ya lulluɓa a kan kwali, ya jera komai a gefen murhu don ya bushe da wuri.

Kwana uku suka yi a gefen murhun nan. Ranar farko maguna biyu suka zo. Rana ta biyu sai da muka ƙirga goma sha tara a kan rufin. Rana ta uku Keziah ta kwaso shimfiɗarta ta dawo gidanmu, ta ce ita dai ba kifi ta aura ba.

Asabar ta zo da sanyi mai shiga ƙashi. Mata ba sa shiga gidan gahawa, amma ranar nan mai gidan ya bar ƙofa a buɗe, don duk layinmu ya taho. Ni da Keziah muka sami wuri a bakin ƙofa. Abner ya shiga da ɗan akwatinsa, ya zauna a gefe.

Sai ga Jethro. Ya aro doguwar riga mai maɓallan tagulla da hular gashi da ta fi kansa, yana rungume da kwando. A bayansa maguna sun yi sahu kamar masu rakiyar amarya, wani ƙaton muzuru mai ido ɗaya a gaba.

"A ba da hanya!" in ji shi. "Duniya za ta wuce!"

Ba sai ya roƙa ba. Warin ya riga shi buɗe hanyar.

Kyaftin Orlebar na zaune kusa da murhu, an hura wuta har tana ruri. Ya fara duba na Abner. Ya juya ƙwallon a hankali, ya bi hanyar jirginsa da farce, ya gyaɗa kai. Jethro kuwa ya jera nasa a kan dakalin murhu, daidai saman wutar.

"Jethro," in ji Abner, "da ka matsar da su daga wuta."

"Kun ji ko? Ba ya so su yi sheƙi."

Ya gyara hular gashi ya hau jawabi. Ya faɗi yadda guguwa ta ɗauke shi daga jirgi ta ajiye shi a wani jirgin, yadda ya sha ruwan teku har ya ga ƙasa. Yana magana, ni ina kallon ƙwallayen. Suka fara gumi. Kwalta ta fara zarya. Ingila ta fara zamewa tana gangarowa kudu.

Kyaftin ya toshe hanci da hankici, ya miƙa hannu. "Ba ni ɗaya in gani."

Jethro ya miƙa masa. Gidan fatar kifin ya manne a yatsun kyaftin, sai da ya yarfe.

"Mista Pudsey, me ya sa rana za ta fito daga yamma a duniyarka?"

"Don ta huta da hanya ɗaya, yallaɓai."

"Me ƙasar Sin take yi a cikin ƙanƙara?"

"Ƙaura suka yi. Zafi ya dame su. Ina nan aka yi."

"Ina Faransa?"

"Tana ƙarƙashin babban yatsanka, yallaɓai. Ka bar ta a nan."

Gidan ya kwashe da dariya, har wasu suka tafa. Na dubi fuskar kyaftin na ga yana jin daɗi. Na ce wa Keziah, "Kin gani ko? Zai saya don shirmen."

Ta ce, "Ki dai jira. Na san mijina, bai taɓa kai abu gaɓa ba sai kwalekwale."

Kyaftin ya juya ƙwallon. "Wannan ne tsibirin naka?"

"Shi ne, yallaɓai. Ƙasa mai albarka. Taɓa ka ji."

Kyaftin ya danna da yatsa. Yatsan ya nutse har gaɓa ta biyu. Da ya zaro, wani abu rawaya mai yauƙi ya biyo shi, ya yi tsawo, ya ɗiga a kan farin wandonsa.

"Mene ne wannan?"

"Zinariya ce, yallaɓai. Ɗanya. Ba ta gama nuna ba."

Kyaftin ya kai yatsan hanci. Kafin ya yi magana, wata farar tsutsa ta leƙo daga ramin, ta lanƙwashe, ta yi tsalle ta faɗa cikin kofin gahawarsa. Wata ta biyo ta. Sai ga su nan bululu, suna fitowa daga tsakiyar Tsibirin Pudsey suna tsalle ko'ina.

"Waɗannan fa?" in ji kyaftin.

Jethro ya ce, "Mutanen tsibirin ne, yallaɓai. Sun fito gaisuwa."

Daidai nan ƙwallon da ya fi kusa da wuta ya tsage, fus! Narkakken cuku ya kwararo cikin murhu, ƙauri ya tashi. Muzurun nan mai ido ɗaya ya ga haƙuri ya ƙare. Ya bi ta tsakanin ƙafafuna, sauran suka rufa masa baya. Maguna suka hau tebura, suka hau kafaɗun mutane, kofuna na fashewa, duniyoyi na gangara a ƙasa. Wani mai sayar da kyandir ya taka ɗaya ya tafi da baya, ya kama rigar na kusa da shi, shi ma ya kama na kusa, mutum biyar suka zube a jere. Jethro ya yi tsalle zai ceci kayansa, hular gashin ta faɗa murhu. Ya zaro ta tana hayaƙi ya mayar a kansa, sannan ya tuna da wuta, ya tsoma kan duka cikin bokitin wanke kofuna.

Abner dai yana zaune ya rungume akwatinsa, kafaɗunsa na rawa. Shekara talatin ban taɓa ganin ya yi dariya har da hawaye ba sai ranar.

Da aka kore magunan, kyaftin ya miƙe, ya goge wandonsa, ya ɗaure fuska tamau.

"Jama'a, ku daina dariya. Ƙwallon Mista Pudsey ya lalace, amma tsibirin da ke da ɗanyar zinariya ba abin wasa ba ne. Jirgina zai tashi gobe da safe. Mista Pudsey zai zo ya nuna mana inda ake karya hagu." Ya yafito wasu ƙartin ma'aikatan jirginsa biyu. "Ku kai shi jirgi yanzu, kada ya makara. Shekara uku ce kawai, in an dawo da rai."

Suka kama Jethro ta hammata, ƙafafunsa suka bar ƙasa.

"Yallaɓai, ai... ai yanzu ba lokacinsa ba ne. Da sanyi tsibirin nutsewa yake."

"Za mu jira shi ya taso."

"Matata ba ta da lafiya!"

"Lafiyata ƙalau," in ji Keziah daga bakin ƙofa. "A sauka lafiya. Yallaɓai, in da hali ku yi shekara biyar."

Suka fita da shi, duk layi na biye. Suka gangara matakalar bakin kogi inda ƙaramin jirgin kyaftin ke ɗaure. Da Jethro ya hango manyan jirage can ƙasa da gada, ya ga da gaske ake, sai ya ƙanƙame turken ɗaure jirgi da hannu da ƙafa, ya ɓarke da ihu.

"Ban taɓa zuwa ba! Na rantse ban taɓa zuwa ko'ina ba! Babu tsibiri! Babu 'yar sarki! Teku ko a mafarki na gan ta sai na yi amai! Keziah, faɗa musu!"

"Ni?" in ji Keziah. "Ai ni matar maƙerin duniya ce, ban san ɗan fito ba."

"Ɗan fito ne ni! Ɗan fito ɗan ɗan fito!"

"Ƙara ɗaga murya," in ji kyaftin. "Na waccan gaɓar ba su ji ba."

Ya ƙara, har masu wanki a ƙetaren kogi suka ɗaga hannu alamar sun ji. Sannan kyaftin ya yi dariyar da yake ta riƙewa tun ranar Litinin ɗin farko, ya ce a sake shi. Ya koma ya sayi duniyoyin Abner goma sha biyu, ya kuma ce a yi masa wasu shida kafin ya dawo.

Mai gidan gahawa ya tattara duniyoyi tara da suka tsira daga wuta da maguna, ya zuba a kwando ya aika gidan Jethro, ya ce in ya sake ganin ko ɗaya a layin zai kira hukuma. Wanda ya sayi kwalekwalen ya ƙi mayarwa, amma ya ɗauki Jethro aikin tuƙi, ana ba shi ladan yini. Ladan ba ya kai su ko'ina, don haka Keziah ta ce ba za a zubar da abinci a gidanta ba.

Bayan kwana biyu na shiga mayar mata da almakashi, na tarar da su a gaban murhu. Ta ɓare takardar, ta kankare farar ƙasar da kwaltar, ta kakkaɓe mutanen tsibirin, ta yanka cukun gunduwa-gunduwa. Jethro na zaune a ƙasa da tsinke a hannu, yana gasawa yana turawa a baki, idanunsa na zubar da ruwa.

"Jiya ya gama da Afirka," in ji Keziah. "Yau Rasha yake ci, da Indiya a kai. Saura duniya takwas."

"Misis Quillet," in ji Jethro da baki cike, "ki shaida, ko mijinki bai taɓa ƙera wadda ake ci ba."

"Haɗiye," in ji Keziah, ta soko masa wata gunduwar.

Na sha jin ana cewa wane yana cin duniya da tsinke. Amma wanda na gani da idona yana cin ta da tsinke yana kuka, Jethro Pudsey ne kaɗai.